Ƙarfen Taga Ya Hana Ɓarawo Shiga, Mai Gida Fa Ta Ina Zai Fita?



Duk wanda ya yi gini a 'yan shekarun nan, a Kano ne ko Kaduna, a Gusau ne ko Maraɗi, ya san akwai kuɗin da ba a tsayawa ciniki a kansa, wato kuɗin tsaro. Katanga sai ta kusa tsawon mutum biyu. A bisanta a jera fasassun kwalabe, mai hali ya ɗora waya mai reza, wanda ya fi shi hali ya ja mai lantarki. Get na ƙarfe, ƙofar falo ta ƙarfe, ta kicin ma ta ƙarfe. Tagogi kuwa, har 'yar ƙaramar ta banɗaki, sai mai walda ya zo ya dasa musu ƙarafa, birkila ya bi da siminti ya shafe. Ba na ganin laifin kowa. Mutumin da aka taɓa haura masa gida tsakar dare aka ɗora masa wuƙa a wuya a gaban 'ya'yansa, ko wanda ke zaune a yankin da 'yan bindiga ke ɗauke mutum daga kan gadonsa, babu mai bakin ce masa ya rage ƙarfe.

Amma ina da tambaya ga kowane magidanci da ke jin muryata. Ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, falo ya turnuƙe da hayaƙi, ƙofar fita kuma tana can bayan hayaƙin. Kai da iyalinka ta ina za ku fita?

Sau nawa muke jin sanarwa a rediyo, a ce gobara ta cinye mutum biyar ko bakwai 'yan gida ɗaya? Ka bi diddigin irin wannan labari, sau da yawa za ka tarar maƙwabta ba su makara ba. Sun ji ihu, sun fito da gudu, sun ga hannuwa suna miƙowa ta tsakanin ƙarafan taga. Abin da ya cinye musu lokaci shi ne neman diga da guduma, da dukan ƙarfen da aka biya kuɗi mai yawa don kada ya karye. Kafin bango ya fashe, ihun ya tsaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yawancinmu muna zaton gobara tana ba mutum lokaci, ya tashi, ya laluɓi fitila, ya kwashe takardun fili, ya tashi yara. Masu binciken gobara a Amurka sun gwada abin, suka ce shekaru 40 da suka wuce mutum yana da kimanin minti 17 ya fice daga gidan da ya kama, yau kuwa abin da ya rage masa minti 3 ne zuwa 4. Dalili shi ne kayan ɗaki sun canza. Da can auduga ce da katako da tabarmar kaba. Yanzu katifar soso ce, kujerun soso, labulen leda, kafet, sai silin na roba da ya zama yayi a gidajenmu saboda arha da kyan gani. Duk waɗannan daga man fetur aka samo su. Suna ci da sauri, hayaƙinsu baƙi ƙirin, kuma guba ne. Akasarin waɗanda ke rasuwa a gobarar gida ba harshen wuta ne ke fara kashe su ba, hayaƙi ne. Mai barci kuma hancinsa ba ya tashinsa. Yana shaƙa, barcin yana ƙara nauyi.

Tsarin ginin ma ya canza. Gidan kakanninmu, duk da jinka da zana masu saurin kamawa, ɗakunansa a warwatse suke, kowace ƙofa tana kallon tsakar gida, sama a buɗe. Taku uku ka fito fili. Katanga gajera ce, maƙwabci zai iya dirowa da bokiti a hannu. Gidan yau falat ne: ɗakuna, falo da kicin duk ƙarƙashin rufi ɗaya, silin ɗaya ya haɗa su, hayaƙi na bin samansa daga kicin zuwa ɗakin yara, hanyar fita kuma ɗaya tak. Matsalar hanya ɗaya ba ta talaka ba ce kaɗai. A Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wuta ta tashi daga firij a hawa na 4 na benen Grenfell, bene mai matakala guda, mutum 72 suka rasa rayukansu.

To me za a yi? Ba na cewa a cire ƙarfen taga. Cewa nake a je wajen mai walda a sake magana. A kowane ɗakin kwana a zaɓi taga ɗaya, a yi ƙarfenta mai buɗewa, da firem ɗinsa, ya riƙa buɗewa waje. Sakatar a ciki take, a sa mata murfin ƙarfe yadda hannu ba zai kai gare ta daga waje ba. Idan dole sai an sa kwaɗo, to mukullin ya zauna a ƙusa ɗaya kusa da tagar, nesa da inda hannun ɗan waje zai kai, amma inda yaro ɗan shekara bakwai zai iya ɗauka cikin duhu. Ba a aljihun kaftanin Alhaji ba, ba a ƙasan jakar uwargida ba. Faɗin wurin kuma a gwada shi da jikin wanda ya fi kowa jiki a gidan. Bayan wata biyu ko uku a buɗe a rufe, a ɗiga mai, domin ƙurar hunturu da tsatsar damina suna maida kwaɗo dutse. Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai walda yana haɗa irin wannan ƙarfe, na tambaye shi bambancin kuɗin. Ya nuna mini da ɗan yatsa: ƙarin firem, maƙalai biyu, sakata ɗaya. Ya ce abin da ke hana aikin ba kuɗi ba ne, masu gini ne ba sa tambaya.

Haka ƙofar falo. Irin ƙofar nan mai mukullai uku, kowanne sai an murza sau biyu, ka tsaya ka yi tunanin buɗe ta idanunka na zubar da ruwa, kana tari, da goyo a kafaɗa. Da dare a bar mukulli a jikin ƙofa, ko a sa irin makullin da ake murzawa da hannu daga ciki. Ƙofar baya, in akwai ta, kada ta zama wurin jibge buhunan masara da tsohon keke. Wanda get ɗinsa ke buɗewa da lantarki ya koya wa kowa a gidan yadda ake buɗe shi da hannu, domin wuta na tashi, lantarki na iya ɗaukewa. Ƙofar ɗakin kwana kuma a ja ta a rufe kafin barci, rufewa ba kullewa ba. Ƙofa rufaffiya tana tare hayaƙi da zafi na mintuna masu tsada.

Sai dai hanyar fita ba ta da amfani ga wanda bai farka ba. Nan ne nake son masu saurare su ba ni kunnensu sosai, domin akwai wata 'yar na'ura da nake mamakin yadda ba ta shiga gidajenmu ba har yanzu, wato ƙararrawar hayaƙi. Fara ce, zagayayya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ana ɗaure ta a silin da kusoshi biyu. A cikin irin da aka fi so a gida akwai ɗan haske da wani ido da ke gefe. Muddin iska na da tsabta, hasken ba ya faɗawa kan idon. Da hayaƙi ya shiga, sai ya warwatsa hasken, idon ya gani, sai ta saki ƙara mai tsinka barci. Ba ruwanta da wutar nepa, da batir take aiki. A jikinta akwai maɓalli, sau ɗaya a wata ka danna ka ji tana raye. Idan batir ya yi sanyi, da kanta take ɗan yin tsuwa lokaci-lokaci tana tuna maka. Bayan shekara 10 a sauya ta gaba ɗaya. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana bayyana cewa kusan mutum uku cikin kowane biyar da ke mutuwa a gobarar gida a ƙasar, a gidajen da babu wannan ƙararrawa ne, ko akwai amma ba ta aiki, kuma inda take aiki haɗarin mutuwa na raguwa da kusan rabi.

A sa ɗaya a barandar da ke tsakanin ɗakunan kwana, ɗaya a falo, mai iko ya sa a kowane ɗaki. Kada a sa ta a cikin kicin daidai kan murhu, domin duk ranar da aka soya kifi za ta yi ta ihu, ran uwargida ya ɓaci, a zare batir, shi ke nan an koma gidan jiya. Ƙurar hunturu ma tana ruɗa ta, don haka a riƙa kakkaɓe ta. Masu arha daga cikinsu kuɗinsu bai kai na buhun siminti biyu ba. Mutumin da ya kashe miliyoyi a katanga, in ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, ban yarda ba. Ba a gaya masa ba ne kawai.

Ita wutar daga ina take tasowa? Kowa ya sani, sakaci ne ke hana mu faɗa. An jona hita a bokitin roba don ruwan wankan asuba, aka ɗauke wuta, aka manta, aka dawo da ita kowa na barci. Dutsen guga haka. Soket ɗaya an loda masa firij da talabijin da tukunyar lantarki. An ba wa yaron mai wayarin aiki da siririyar waya don a rage kuɗi, fis ya ƙone an ɗaure shi da wayar tagulla mai kauri wadda ba za ta taɓa yankewa ba. Da sanyi a shigo da kaskon garwashi ɗaki, igiyar leƙo na ci a gefen katifa, kyandir a kan talabijin. Yanzu ga sola ta shigo, alheri ce babba, amma batir da inbata a kusurwar ɗakin kwana, ba iska, an lulluɓe su da zane, haɗari ne.

Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023, ya zama dukiyar da ake ɓoyewa a gida, a jarka, wani har a ƙarƙashin gado. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa har ya iske wuta a inda take. Gas ɗin girki ma haka yake, ƙasa yake kwanciya. Idan uwargida ta shiga kicin ta ji warinsa, kada ta taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa, kada ta ƙyasta ashana ta duba. Ta rufe kan tukunyar gas, ta buɗe ƙofa da taga, ta fitar da yara. Gwajin tiyo da ruwan sabulu ake yi: inda kumfa ta taso, nan yake yoyo. Mai a kasko in ya kama, murfi ake kifawa a kashe murhu. Ruwa a kan tafasasshen mai nan take yake zama tururi, ya watsa wutar har silin, da fuskar mai watsawar.

Janareta yana da nasa kisan, kuma nan ma tsoron ɓarawo ne ke jawo shi. Don kada a sace, sai a shigo da shi baranda ko kicin ko ƙarƙashin matakala, a rufe ƙofa a kwanta. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Gida guda sai a wayi gari ba wanda ya tashi, ba ƙuna a jikin kowa, har a fara zargin guba ko sammu. Wurin janareta waje ne, kimanin mita 6 daga taga idan fili ya ba da dama, a yi masa keji a ɗaure da sarƙa. Akwai ƙararrawa ta musamman mai gano wannan iska, ita ma da batir.

Abin kashe gobara na hoda, jan nan da muke ajewa a mota don tsoron jami'an hanya, shi ya kamata ya rataya kusa da ƙofar kicin. A duba allurarsa tana kan kore. A zare fil, a auna gindin wutar ba harshenta ba, a matsa ana kaɗawa hagu da dama. Cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙarewa, saboda haka na ƙaramar wuta ne. Da ta kai silin, ba sauran jarumta, fita ake yi, a durƙushe, domin iska mai kyau a ƙasa take. Bokitin yashi ma ba abin rainawa ba ne.

Bari in koma kan ɓarawo, kada a ce na manta da shi. Kyamarar tsaro ta yi arha, har ana kallon gida ta waya daga kasuwa. Tana da amfani, amma a san iyakarta: shaida take bayarwa bayan an yi ɓarna, ba ta riƙe hannun kowa. In an ɗauke wuta ba batir, ko data ta ƙare, ado ce. In akwatin ajiyar hotunan yana falo a fili, ɓarawo da shi zai tafi. Abin da ɓarawo ya fi tsana shi ne haske da ƙara da ɓata lokaci. Fitilar sola mai kunna kanta da ta ji ɗumin jikin mutum, ɗan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofa ya saki jiniya da an raba shi da ɗan'uwansa, ƙararrawa mai layin waya da ke kiran mai gida, waɗannan su ne ke sa mai haurowa ya fasa. Amma jiniya na aiki ne idan akwai wanda zai fito. Katangar da ta ɓoye ka daga ɓarawo ta ɓoye ɓarawon daga maƙwabta da zarar ya dira ciki. Unguwar da mutane suka san juna, suna da lambobin juna, suna biyan 'yan sintiri a kan kari, mai gadi yana da tocila da usur da albashin da ba a ja masa rai, ta fi unguwar da kowa ya shige bayan get bai san sunan na kusa da shi ba. Sata da yawa ma daga labarin cikin gida take farawa, wa ya yi tafiya, yaushe aka kawo kuɗi. Wanda ke sanar da duniya a Facebook cewa ya tafi Umara da iyalinsa kaf, ya rage wa ɓarawo aiki.

Wani zai ce tsaro na Allah ne. Haka ne, babu ja. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. A wata ruwayar ya haɗa umarnin kashe fitilu da na rufe ƙofofi. Ɓarawo da gobara tare aka yi mana gargaɗinsu, mu ne muka riƙe ɗaya muka saki ɗaya.

'Yan kwana-kwana ana yawan zaginsu, har jifa wani lokaci, a ce sun makara ko sun zo ba ruwa. Akwai gyara a wajen hukuma, motoci da ma'aikata da wuraren ɗiban ruwa sun yi kaɗan ga biranen da ke faɗaɗa kullum. Wanda ya ga yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ci dubban shaguna a watan Maris 2016 ya san haka. Amma mu ma da namu. Sai an yi rabin sa'a ana fama da bokiti kafin wani ya tuna ya kira. Motar ta zo, lungu ya tsuke saboda kowa ya ci hanya da dakali da shago, 'yan kallo sun cika sauran. Tankin mota lita 'yan dubbai ne, cikin mintuna yake ƙarewa. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar ta 'yan kwana-kwana 18 ce. A nemi lambar ofishinsu mafi kusa a rubuta a bangon zaure, a kira da an ga wuta, a tura yaro bakin titi ya nuna musu hanya.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon iyaye mata da maza, don girman Allah, a daina: kulle yara a ɗaki ta waje a tafi unguwa ko biki ko kasuwa. Niyyar kirki ce, kada su fita titi, kada wani ya shigo. Amma yaron da aka datse wa kwaɗo ta waje ba shi da dabarar komai in wuta ta tashi. A kai su wajen maƙwabciya, ko a tafi da su.

Maganar ta wuce gidan mutum ɗaya, ta kai duk inda yara ke kwana ko karatu a cunkushe. A watan Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai. A Nuwamban shekarar, aƙalla 25 a Maraɗi. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Kowace tsangaya da makarantar kwana tana buƙatar ƙofa biyu a ɗakin barci, ƙararrawar hayaƙi, da babba guda da ke kwana kusa da yaran, a nisanta tarin kara da itace daga inda suke kwanciya. Masu kai sadakar abinci ranar Juma'a, cikinsu mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin wannan.

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Hukumomin tsara birane da ke sa hannu a takardar gini suna da ikon ƙin amincewa da zanen da babu hanyar fita ta biyu, su kuma sa ƙarfen taga mai buɗewa cikin sharuɗɗa. Masu gidajen haya, ku da kuka dasa ƙarafan, ku ya kamata ku biya kuɗin gyaransu, ba ɗan hayan da zai tashi baɗi ba. Masu unguwanni su tara masu walda da magina na yankinsu a yi wannan magana da su, domin su ne ke tsaye a wurin ranar da ake dasa ƙarfen, kuma mai gini yana jin shawararsu.